Gora a Kan Layin Dogo

Aikin farko na yau: ɗora wa Inna ruwan alwala, a sirka shi kada ya ƙona ta. An yi.

Zuwa ga Yaya Mamman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sa kana cikin rahama, ni ne ƙanenka Sa'idu. Na san wannan takarda ba za ta iso ka ba, babu motar da ke lodi zuwa inda kake. Ko da kana raye ma ba karantawa za ka yi ba. Miƙo mini za ka yi da hannunka mai baƙin mai, ka ce Mushe ya karanta, kana jan kalmar yadda mai saurare ba zai gane ko malamin lakwal, wato makarantar boko, kake nufi ko abin da ungulu ke sauka a kai ba. To yau Mushe ne ya rubuta, shi kuma zai karanta wa kansa. Na buɗe littafina ne bayan la'asar don in rubuta ayyukan yini kamar kullum, sai na ga hannuna ya rubuta sunanka.

Labarin gida da farko, yadda ake yi. Matarka Hajara ta fita takaba, ta koma dama fura a ƙofar gida. Ƙawayenta sun sa ta yin lalle, amma har yanzu ba ta dariya da haƙori. 'Yarka Zainabu ta shiga kolej. Ta fi ni lissafi, kuma ta gaji tafiyarka, wannan ta jefa ƙafa kamar ƙasa ta yi mata laifi. Rumfarka ta gyaran amalanke a Tokpa-Hoho tana hannun yaron aikinka Basiru. Yana ƙoƙari, sai dai masu turin kaya sun ce ƙafar da ya gyara tun daga San Mishel ake jin kukanta. Ni ina nan kan sikelin albasa a kasuwar Dantokpa. Damina ta ɗauke, lungunmu ya bushe, an kwashe duwatsun da muke takawa.

Babban labarin shi ne Inna tana nan Zongo. Yanzu haka tana ɗakin matata Rabi, kwance, ta juya fuskarta bango. Inna da ba ta taɓa wuce Kandi ba ta hau mota tun daga Malanbil, da sandarta da ƙullin busasshen kifi, ta zo Kwatano ganin ruwan da ya ci ɗanta. Kai ka san babu ruwan da ya ci ka. Bari in tsara maka yadda aka yi, don lokacin da abin ya faro kana kwance an lulluɓe ka da zane, ba ka ji ba. Amma in zan tsara shi daidai, sai na fara daga gora.

Ka tuna jirgin Baba a ƙauyenmu na bakin Kwara, wanda yake ƙetarar da mutane da buhunan albasa? Tun ba ka kai rabin tsawon gora ba kake tsaye a bayansa kana tuƙi, ni kuwa ina ƙasa na rungume buhu. Da Baba ya rasu aka turo mu nan wajen danginsa. Lakwal ta karɓe ni, kai ta tofar da kai. A farkon zuwanmu ka kan ja ni bayan kasuwa, bakin lagun, tafkin nan da ke haɗe da teku, mu tsaya muna kallon kwalekwalen masunta. Na ɗauka wata rana za ka shiga cikinsu. Sai ka ce wannan ruwan na masu shi ne, ga gishiri, ga shi bai san inda ya dosa ba, da safe ya yi teku, da yamma ya dawo kamar wanda ya manta hularsa. Shekara da shekaru ba ka sake riƙe gora ba.

Sai jirgin ƙasa na fasinja ya daina tafiya. Layin dogon da ya ratsa bayan unguwarmu ya yi tsatsa, mata suka fara shanya barkono a tsakiyarsa, awaki na kwanciya a kai. Jirgin kaya kaɗai ke wucewa, shi ma jefi-jefi, ranar da ya ga dama. Wata yamma muna dawowa daga kasuwa ka tsaya a tsakiyar ƙarafan nan biyu, ka daɗe kana bin su da ido har inda suka haɗe suka zama ɗaya. Ka ce mini ga gulbi nan an bar shi kwance ba kowa a kai, kuma shi ya san inda ya nufa, arewa za shi. Na ce ka matsa mu tafi, magariba ta yi.

Da tsohon kyauren ƙofa ka yi shi. Ka ciro rulma huɗu daga matattun motoci, zobban ƙarfen nan masu 'yan ƙwallaye a ciki, ka yi musu baki yadda za su kama layi ba su zame ba. Gora kuma wajen masuntan lagun ka samo ta, ka yi kwanaki kana goge ta da mai. Ba ka taɓa kiransa amalanke ko keke ba. Jirgi kake ce masa, kawai, kamar yadda ake faɗa a gida. Ranar da ka fara ɗora shi a kan layi rabin Zongo ta fito kallo. Ka tsaya a bayansa, ka kafa gora a tsakuwa, ka tura, sai ga kyauren ƙofa yana tafiya sumul da ƙaton mutum a kansa. Tun daga ranar aka naɗa ka Sarkin Ruwan Tudu. Mai shayin bakin layi kullum sai ya tambaye ka ko an yi kamu yau, ranka ya daɗe, kai kuma ka ce an yi, gwangwanin sadin biyu da silifa wari guda, in yana so a soya masa.

Ni ban yi dariya ba. Na ce kai magidanci ne, mai mata da 'ya, kuma jirgin kaya ba ya aiko manzo. Sai ka nuna mini dabararka. Ka ɗora gindin gora a kan ƙarfe, ka kai ɗaya kan kunnena, ka ce in yi shiru. Ka ce ƙarfe ba ya riƙe asiri, tun jirgi na nesa zai fara gaya maka, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Ranar ban ji komai ba sai bugun zuciyata. Ka ce to shi ke nan, hanya tamu ce.

Sau ɗaya na hau, wata Lahadi bayan asuba, don ka dame ni. Ka shimfiɗa mini buhu a gaba, na zauna na riƙe gefen kyauren har yatsuna suka yi fari. Da muka tashi, sai na ga wani Kwatano da ban sani ba, ni da na tsufa a cikinsa. Layin dogo bayan gidaje yake bi, saboda haka ƙeyar gari muke kallo. Wata tana yi wa yaro wanka a baho, ya ɗago hannu cike da kumfa yana mana sannu. Wani tsoho da asawaki a baki ya miƙe tsaye ya sara mana kamar soja. Zakaru, hayaƙin gawayi, wani tela da ya fito da kekensa waje tun rana ba ta fito ba. Babu ƙarar inji, babu ihun 'yan zem masu haya da babur, sai sss na ƙarfe a kan ƙarfe, da tsit na gora duk sanda ta shiga tsakuwa. Can gidaje suka fara sirancewa, gonakin rogo suka tarye mu, tururin safe yana kwance a kansu har gwiwa, bishiyoyin kwakwar manja suna tsaye a ciki ba a ganin gindinsu. Na daina ganin layin ma. Wallahi, Yaya, na ɗauka a kan ruwa muke. Kai kuma kana bayana kana jero sunayen tashoshi a hankali kamar mai rarrashin yaro, Pahu, Alada, Bohikon, Dasa, Sabe, Faraku. Na ce ai a Faraku layin ya ƙare. Ka ce in an kai Faraku sai a ɗauki jirgin a ka, sauran tafiyar ƙanshin gulbi zai ja mutum.

Da muka dawo na sauka, na ce na rantse ba zan ƙara ba, kuma kai ma ya kamata ka ji kunyar furfurarka. Abin da ban gaya maka ba shi ne, ban taɓa yin safiya irin wannan ba, kafinta ko bayanta. Sau da yawa ina tsaye gaban sikeli, allura na rawa, ana ta ciniki a kaina, ni kuwa ina cikin tururin nan, ina jin numfashinka a bayana. Me ya hana ni faɗa maka? Na ɗauka in na yaba, na ba ka izini ke nan. Ashe ba izinina kake jira ba.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa. Ka fi son irin wannan rana, don ruwa kan kwanta a kan layi a wurare masu kwari, ya rufe ƙarfen gaba ɗaya, jirginka ya riƙa tsaga shi yana barin igiyoyi a baya kamar na Baba. Sai dai ƙarfen da ke cikin ruwa ba ya magana a kunne, kuma sama tana ta ƙugi. Waɗanda suka gani sun ce kan jirgin kaya ya ɓullo daga kwana a hankali, yana ta busa. Sun ce ka riga ka yi tsalle, ka tsira, sai ka koma don ka janye kyauren daga kan layi. Me ka koma ɗauka, Yaya? Ƙofa ce fa, tsohuwar ƙofa. Ita ƙafa ɗaya kawai ta rasa. Na sa aka ɗora ta a amalanke, na jingine ta bayan rumfarka na rufe da kwano, ban ƙara dubanta ba.

Da yamma na buga wa Kawu Alu waya a ƙauye don ya gaya wa Inna. Layin waya yana ta yankewa. Ya tambaye ni me ya same ka, ciwo ne? Abin da ya iya fitowa daga bakina kalma ɗaya ce. Na ce jirgi. Ya yi salati, wayar ta mutu. Ka san a bakin Kwara in aka ce jirgi babu mai tambayar wane iri. Kafin gari ya waye duk ƙauye ya san jirgi ya kife da Mamman ɗan Inna a ruwan Kwatano.

Ban san haka aka ɗauka ba sai da na je sadakar arba'in. Na tarar liman ya riga ya yi bayani a masallaci cewa wanda ruwa ya ci ya yi shahada. Mata na shigowa suna yi wa Inna gaisuwa, suna haɗawa da barka, wai ta haifi mai ceto. Ita kuwa tana zaune a tabarma da carbi, fuskarta a sake, da wani haske da ban taɓa gani a kanta ba tun rasuwar Baba. Da yamma ta kan sa jikarta ta kai ta bakin gulbi, ta tsoma hannu. Ta gaya mini ta ji masu jirage na cewa duk ruwan Kwara teku yake zuwa, saboda haka wanda ya taɓa hannunta yau wata rana zai iske wurin da ka nutse. Ta yaya zan buɗe baki in ce mata a kan tsakuwa ka mutu, wajen wasa, saboda kyauren ƙofa? Na ci tuwo, na yi sallama, na hau mota.

Tun daga nan nake auna maganar kamar buhun da allura ta ƙi tsayawa a kansa. Wata rana in ce ai ban yi ƙarya ba, jirgi na ce, ban ƙara ban rage ba. Wata rana in ce ai da ruwa a ciki, shi ya toshe maka kunne, ko ba za a lissafa da wannan ba? Har wajen limamin unguwa na je don in tambaya, na durƙusa, na gaishe shi, na tambayi lafiyar ƙafarsa, na tashi na fito. Hajara da Rabi sun ce in bar tsohuwa da abin da ya sanyaya mata rai, kwana nawa ya rage mata. Na yarda da su. Kusan kullum ina yarda da wanda ya yi magana a ƙarshe, ka sani.

Sai shekaranjiya ga Inna a tasha. Ba ta nemi a kai ta makabarta ba. Ruwan take so ta gani, ko in ce ta taɓa, don yanar idonta ta yi kauri, ba ta gane fuska sai an matso kusa.

Yau da hantsi na ɗauki tasi na kai ta Dantokpa. Muka ratsa ta cikin masu kifi, tana riƙe da gefen rigata, ana ture mu, 'yan amalanke na ihun a ba su hanya. Har muka sauka bakin lagun inda matan ƙauyukan kan ruwa ke ɗaure kwalekwalensu, da manyan malafunansu. Inna ta saki rigata. Ta tsaya tana shaƙar iska, ta karkata kai tana sauraren yadda ruwan ke dukan katako. Sannan ta tsuguna, ta tsoma yatsa, ta kai baki, ta tofar. Ta ce gishiri. Ta gyaɗa kai kamar wadda aka warware mata ƙulli. Ta ce dama abu ɗaya ke damunta, yadda ɗan mai jirgi, wanda ya iya iyo kafin ya iya tsarki, zai bari ruwa ya ci shi. Yanzu ta gane, baƙon ruwa ne, ba su san juna ba. Ta ɗaga hannu ta yi maka addu'a mai tsawo, ta yafe wa ruwan. Ina tsaye a bayanta ina cewa amin, ina jin kamar na sayar wa makauniya ruɓaɓɓiyar albasa a ƙasan buhu.

Da hakan za a tashi, Yaya. Na riga na ce a raina an gama, gobe ko jibi in sa ta mota. Amma a dawowa cunkoso ya tsayar da mu, mai tasi ya ce ba zai zagaya ba, ya sauke mu a wancan gefen unguwa. Dole muka ƙetara layin dogo da ƙafa, daidai wajen mai shayi, Allah ya sa ya tafi sallah. Sandar Inna ta bugi ƙarfe, ya amsa da ƙara mai tsawo. Ta tsaya. Ta sake bugawa. Ta tambaye ni mene ne wannan aka binne a hanya. Na ce layin dogo ne, hanyar jirgin ƙasa. Ta ce ta sha jin labarinsa wajen fataken albasa, ashe haka yake, siriri. Ta tsuguna a tsakiyar barkonon mutane, ta shafa shi da tafin hannu kamar yadda ta yi wa ruwan, ta bi shi hagu, ta bi shi dama, tana neman ƙarshensa. Ta tambayi ina ya nufa. Na ce arewa, har Faraku. Ta ce ashe hanyar gida ce, aka bar ta kwance haka ba kowa a kai.

Ban yanke shawara ba. Ina so ka san wannan, don kada ka ɗauka ƙanenka ya yi jarunta. Na tsuguna gabanta, rana na dukan ƙeyata, na ce Inna, jirgin da na gaya wa Kawu na nan ne. Na gaya mata kyauren, da rulma, da gora. Na gaya mata sunan da aka naɗa maka, da gwangwanin sadin, da safiyar tururi, da yadda ka koma bayan ka tsira. Ban iya tsara shi ba, na farko ya koma ƙarshe, ina yi ina goge hanci da hannun riga, masu barkono suna kallonmu. Hannunta bai bar ƙarfen ba duk da zafinsa.

Kai ɗan fari ne, ka san Inna da kunya. Tsawon rayuwarka ba ta kama sunanka ba, ba ta taɓa tambayata kai tsaye yadda kake ba, sai dai ta ce ya mutanen gidan can. Yau ta yi mini tambaya biyu a jere a kanka. Ta ce a tsaye yake tuƙin ko a zaune? Na ce a tsaye. Ta ce ta wane gefe yake kafa gorar? Na rufe ido na koma kan buhun nan, na ce ta hagu. Ta ce haka ubansa yake yi, duk gulbin shi kaɗai ne bahago. Na ɗaga ta, na ji ta yi nauyi fiye da ɗazu.

A gida ta ƙi tuwo, ta ƙi furar Hajara. Ta shiga ɗaki ta kwanta. Rabi ta dube ni sau ɗaya ta gane, ta ce Allah ya shirye ni, wai mutumin da ke yin sati yana tunanin sayen takalmi yau shi ne ya yi gaggawa. Can bayan azahar muka ji kukan. Ban taɓa jin Inna ta yi kuka da murya ba, ko a mutuwar Baba. A ƙauye ba ta yi maka ba, don ana ce mata ba a yi wa shahidi kuka, ga kuma kunyar ɗan fari. Yau ta yi shi duka, har Hajara ta bar ƙwaryarta a ƙofar gida ta shiga, suka haɗu. Ni ina tsakar gida zaune kan turmi. Na ƙwace mata abu ne, Yaya, ko na mayar mata da abu? Hasken nan na fuskarta ya tafi, na gani da idona, kuma ni na kashe shi. Matsayinka a wajen Allah ban san shi ba, liman ma bai gan shi ba, ina dai roƙa maka mafi kyau. Amma tsohuwar da za ta koma bakin Kwara ba za ta ƙara tsoma hannu a ruwa tana aiko maka da saƙo ba. Da me za ta riƙa cika yammacinta?

Ɗazu kafin in buɗe littafin nan ta aiko Zainabu ta kira ni. Ban ga fuskarta ba, bango take kallo. Ta tambaya ko jirgin yana nan. Na ce yana nan, ƙafa ɗaya ce babu. Ta ce a gyara. Ta ce ba za ta hau motar gida ba sai ta zauna a inda kake tsayawa, an tura ta ko taku goma ne, ta ji abin da ka ji har ka koma dominsa. Na fara cewa Inna akwai haɗari, sai ta ɗaga hannu, na yi shiru. Akwai wani reshen layi bayan tsofaffin ɗakunan ajiya na tasha, wanda aka yanke daga babban layi tun tuni, ciyawa ta cinye rabinsa, babu jirgin da zai iya shigarsa. Kai ka nuna mini shi, ka ce kududdufin koyo ne. Can zan kai ta. Ni da ko a gulbi ban taɓa riƙe gora ba, ni zan tsaya a bayanta. In kana da halin dariya a inda kake, ga dama ta samu.

Ana kiran magariba, zan tsaya nan. Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka kabari, ya sanyaya makwancinka, ya haɗa ka da Baba a inda ruwa ke gudu ba ya cin kowa. Ka yafe mini faɗan da na yi ta yi maka. Sai mun zo.

Ƙanenka da ke zaune a gaba yana riƙe da gefen kyaure,
Sa'idu

Na gobe, in Allah ya kai mu:

- aika wa maigida a kasuwa cewa ba zan fito da safe ba
- Basiru ya nemo rulma ɗaya daidai da sauran, ya zo da mai
- wanke kyauren, a duba ƙusoshi
- sare ciyawar reshen layi, ko rabinsa
- matashi da lema saboda Inna
- gora, taka ta karye ranar
- tambayar Inna yadda ake kafa ta, kafin mu bar gida